Daga Heathrow zuwa Schiphol a Kwamfuta: Kundin Aikin Daidaita Hanyar Fita da ta Isowa

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne don na lura ina maimaita gwaji ɗaya har sau uku, saboda ba na rubuta abin da na sauya a na farko. Abin da nake nema shi ne in tashi da jirgin Airbus A320 daga filin jirgin sama na Heathrow da ke Landan a manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi, in bi hanyar fita da aka zana a taswira, in shiga Schiphol, filin jirgin saman Amsterdam, ta hanyar isowa da aka zana, kuma mai kula da zirga-zirgar jirage na cikin manhajar, wato muryar nan da kwamfuta ke magana da ita, ya kasance tare da ni tun daga izinin farko har in kashe injina. Da yawa kashe shi suke yi su yi tafiyarsu shiru. Ni ba na son haka. Rabin daɗin abin a wurina yana cikin maganar rediyo.

Ga wanda bai saba ba: hanyar fita, wato SID, ita ce tsararriyar hanyar da jirgi ke bi daga titin tashi har ya haɗu da manyan hanyoyin sama. Hanyar isowa kuma, wato STAR, ita ce wadda ke ɗauko shi daga manyan hanyoyin ta kawo shi kusa da filin sauka. Kowacce tana da zangonanta, wato wurare masu suna a taswira da jirgi ke bi ta kansu, da tsayin da ba a yarda a wuce ba, wani lokaci har da iyakar gudu. An tsara su ne don kada mai kula ya riƙa karanta wa kowane jirgi umarni goma sha. Ya faɗi suna ɗaya, matuƙi ya san sauran.

Na zaɓi Landan zuwa Amsterdam domin tazarar kimanin mil 200 ce a ma'aunin jiragen ruwa da na sama, ba ta kai awa guda a sama ba, ina iya yin ta sau biyu a dare ɗaya. Kuma duka filayen biyu ba sa wasa da ƙa'ida.

Gwajin yau: na saka BPK7F a kwamfutar jirgi, hanyar da ke tashi daga titi 27R ta nufi Burnham, ta karya dama zuwa Chiltern, ta ƙare a Brookmans Park. Mai kula ya ba ni izini ba tare da ya ambaci sunanta ba. Da na tashi na bi taswira, sai ya ce na bar hanya, in juya dama. Na ci gaba. Ya sake faɗa. A karo na uku ya soke izinina gaba ɗaya, ya bar ni a sararin Landan ba mai magana da ni.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ban tashi ba yau, karatu na yi. Ashe sunan hanyar kansa bayani ne. BPK shi ne zangon da hanyar ke ƙarewa a kansa. Lambar tana nuna bugu na nawa ne, tana ƙaruwa duk lokacin da aka gyara hanyar, daga 1 zuwa 9 sannan a sake komawa 1. Harafin ƙarshe shi ke bambanta hanyoyin da ke zuwa zango ɗaya, kuma ba a amfani da I da O don kada a ɗauke su lamba. A Heathrow F na titi 27R ne, G na 27L, J na 09R, K na 09L. Wannan ya nuna mini wani abu da zai dame ni nan gaba: muddin aka sauya titi, hanyar fita ma ta sauya. Ba a raba su.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na fara gano bakin zaren. A tafiya ɗaya takarda uku ce ke aiki, ni kuwa ina ɗaukarsu ɗaya. Akwai tsarin tafiyar da na fitar daga shafin tsara tafiya. Akwai abin da na buga da hannu a kwamfutar jirgi. Akwai kuma fayil ɗin da ita manhajar ke riƙe da shi, wanda shi kaɗai mai kula ke karantawa. Bai san abin da ke cikin kwamfutar jirgina ba ko kaɗan. Da na buɗe fayil ɗinsa a Little Navmap, wata manhajar taswira da tsara tafiya, sai na ga layi miƙaƙƙe daga tsakiyar filin Heathrow zuwa Brookmans Park. Ke nan ranar Asabar gaskiyarsa ce bisa abin da ke gabansa: jirgin da ya kamata ya nufi arewa maso gabas ya ga yana ta yin yamma.

Abu na biyu shi ne shekarun bayanan. Bayanan hanyoyin sama ana sabunta su ne a duniya baki ɗaya bayan kowane kwana 28, ranar Alhamis, a tsarin da ake kira AIRAC. Yawanci zagaye 13 ke nan a shekara. Wanda ke aiki yanzu shi ne 2410, ya fara ranar 3 ga wannan wata. Na duba nawa: tsarin tafiyar yana kan wani tsohon zagaye, kwamfutar jirgi tana kan wani daban, manhajar kuma tana kan na uku. Shi ya sa wani zango da ke tsakiyar hanya kwamfutar jirgi ta ce ba ta san shi ba. Laifina ne, ban taɓa duba wannan shafin ba duk da yana nan a fuskar farko ta kwamfutar.

Na biya kuɗin rajistar bayanai, na ɗora 2410 a wurare ukun. Zangon da ya ɓace ya dawo.

Asabar, 12 ga Oktoba

Yau titi ne ya cinye mini yini.

Na tsara komai a kan 27R. Ina neman izini sai mai kula ya ce 09R. Iskar da ke kaɗawa daga gabas ce, amma ba ta wuce not 3 ba, wato mil 3 a awa a ma'aunin jiragen sama. Shi lissafinsa ɗaya ne: duk titin da ya fi fuskantar iska shi zai ba ka. A zahiri ba haka Heathrow ke aiki ba. Suna da ƙa'idar fifita tashi ta yamma, ko da iska tana bugowa ta baya, muddin ba ta haura not 5 ba kuma titi a bushe yake. Sannan idan ana aiki ta yamma, da ƙarfe 3 na rana ake musanya titunan biyu, wanda ake sauka a kansa ya koma na tashi, don mazauna ƙarƙashin hanyar sauka su samu hutu daga ƙara na rabin yini. Wannan musanya tana burge ni matuƙa. Jadawali ne da aka yi shi saboda mutanen da ba sa cikin jirgin.

To mai kula na cikin manhaja bai san da wannan duka ba, kuma na daina sa ran zai sani. Hanya biyu ce gare ni. Ko in daskarar da yanayi, in sa iskar yamma mai ƙarfin not 10 don kada ya yi wata-wata, ko in bar yanayin gaske in sauya yadda nake jera aikina. Na gwada ta farko ta yi aiki, amma ban ji daɗinta ba, domin tafiyar da ka riga ka san iskarta ba ta koya maka komai. Na koma ta biyu, ga kuma yadda nake yi yanzu: in shiga jirgi a wurin ajiya, in saurari sanarwar filin a rediyo in ji titin da ke aiki, sai bayan nan in zaɓi hanyar fita da ta dace da shi, in gyara fayil ɗin mai kula, in ɗora shi, in buga irinsa a kwamfutar jirgi. Neman izini shi ne na ƙarshe. Idan na riga na nemi izini kafin in ɗora sabon fayil, da tsohon zai ci gaba da yi mini hukunci har Amsterdam.

Matuƙan gaske ma haka suke yi, sai sun ji titi suke kammala shirin tashi. Ni ne na ɗauko abin ta wutsiya.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Tafiya biyu da sabon jeri. Duka biyun titi da hanyar fita sun dace. Har yanzu yana cewa na bar hanya, amma sau ɗaya kawai, a kwanar farko, kuma bai soke izini ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Mako guda ina kan wannan kwanar. Tunda mai kula jerin zango kawai yake karantawa, sai na warware hanyar fitar na zuba masa zangonanta ɗaya bayan ɗaya a cikin fayil. Na sa Burnham, na sa Chiltern, na sa Brookmans Park. Ya rage ƙorafi amma bai daina ba, kuma sai da na karanta yadda ake rubuta waɗannan hanyoyi a cikin kwamfutar jirgi na fahimci dalili.

Ma'aunin da ake rubuta su da shi sunansa ARINC 424, kuma a cikinsa gaɓoɓin hanya iri 23 ne. Kowace gaɓa tana da haruffa biyu: na farko yana faɗin yadda za a yi tafiyar, na biyu yana faɗin abin da zai kawo ƙarshenta. TF ita ce mafi sauƙi, daga wannan zango zuwa wancan a miƙe. Amma akwai irin su CA, wadda ke cewa riƙe wannan alƙibla har ka kai tsayi kaza. Ina wannan wurin yake a taswira? Ba shi da mazauni. Jirgi mai nauyi a rana mai zafi zai kai wannan tsayi can gaba, jirgi mara kaya a rana mai sanyi zai kai shi tun kafin ya yi nisa. Akwai mai ƙarewa idan ka kai wata tazara daga tashar rediyo, akwai mai ƙarewa idan ka yanki wani layi. Fayil ɗin mai kula iri ɗaya tak ya sani cikin 23, wato daga nan zuwa can. Sauran 22 ba shi da wurin ajiye su.

Dabarar da ta yi mini aiki: na tashi sau uku, Little Navmap yana zana sawun jirgin, sannan na dasa zango biyu na ƙirƙira a kan sawun, ɗaya a inda kwanar ke farawa, ɗaya a tsakiyarta. A fayil ɗinsa kaɗai na sa su, ban taɓa kwamfutar jirgi ba. Jirgi yana bin hanyar gaske, mai kula yana kallon kwatankwacinta. Yau na wuce Chiltern bai ce uffan ba.

Saura tsayi, kuma a nan ba zan sassauta ba. Hanyoyin fita na Heathrow suna tsayawa ne a ƙafa 6,000 har sai an ba da sabon izini. Dalili kuwa jiragen da ke jiran sauka suna kewaye a wurare huɗu da ke zagaye da birnin, Bovingdon da Lambourne a arewa, Ockham da Biggin a kudu, kuma na ƙasansu yana kusan ƙafa 7,000. Wanda ya nufi Brookmans Park ta ƙarƙashin waɗannan yake ratsawa. Mai kula na manhaja kuwa tun ina ƙafa 2,000 yake cewa in hau 13,000. A shekarar 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta gyara kalmomin rediyo musamman saboda irin wannan ruɗani, ta yadda mai kula zai fayyace ko hawan da ya bayar yana tare da sharuɗɗan hanyar ko ya soke su. Nawa bai da wannan bambanci a bakinsa.

Abin da na yanke: ina amsa masa, in saka tsayin da ya faɗa, amma in tura maɓallin tsayi ciki maimakon in jawo shi. A jiragen Airbus turawa na nufin ka bar wa kwamfuta ta hau bisa sharuɗɗan da ke cikin hanya, jawowa kuwa na nufin ka karɓi ragama ka hau kai tsaye. Jirgin yana tsayawa a 6,000 da kansa. Mai kula yana ce mini in hanzarta hawa sau ɗaya ko biyu, kafin haƙurinsa ya ƙare na riga na wuce wurin.

Asabar, 26 ga Oktoba

Wata matsala da ban san tana nan ba sai da yanayi ya lalace. Yau matsin iska a Landan ya yi ƙasa sosai, sai mai kula ya dinga cewa ina ƙasa da tsayin da ya ba ni da ƙafa ɗari biyar da wani abu, alhali ma'aunina yana nuna daidai.

Ga abin da ke faruwa. Kusa da ƙasa ana saita ma'aunin tsayi da matsin iskar filin. Idan aka kai wani tsayi sai kowa ya koma ma'auni ɗaya na duniya, matsin iska maki 1013, daga nan ana kiran tsayin da lambar FL, wadda ke ƙirga ɗaruruwan ƙafa: FL100 na nufin ƙafa 10,000. Wurin da ake wannan sauyi ya bambanta: a Landan ƙafa 6,000 ne, a Holan 3,000, a Amurka 18,000. Ni na sauya a 6,000 kamar yadda taswira ta ce. Shi kuma da lissafin Amurka yake aiki a ko'ina. Matsin iskar yau ya gaza 1013 da kusan maki 20, kowane maki kuma yana daidai da ƙafa 27 zuwa 30. Ga ɗari biyar ɗin nan.

A ranakun da matsin ke kusa da 1013 bambancin ba ya fitowa, shi ya sa mako uku ban gani ba. Ban sami inda ake sauya masa wannan lamba ba. A yanzu dai ina wuce tsakanin 6,000 da 18,000 ba tare da na tsaya ba idan zai yiwu, in kuma ya tsayar da ni a tsakani sai in bar ma'aunin mataimakin matuƙi a kan matsin filin in riƙa kwatantawa. Ban gamsu da wannan ba, faci ne kawai.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Zagaye na 2411 ya fara yau. Na sabunta wurare ukun a zama ɗaya, na duba hanyoyina biyu ban ga sauyi ba. Na rubuta 28 ga Nuwamba a jikin allon kwamfuta.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Yanzu ɓangaren isowa, wanda na yi zaton zai fi sauƙi.

Daga Ingila ana shiga sararin Holan ta zangon REDFA, hanyar isowa ta ɗauke ka zuwa SUGOL, wanda ke kan Tekun Arewa kimanin mil 30 yamma da Schiphol. SUGOL ɗaya ne daga ƙofofi uku na filin, sauran su ne ARTIP da RIVER. Na sa wa kaina in iso shi a FL100 da gudun not 250. Ina tafiya a FL230, ke nan ƙafa 13,000 zan sauke. Ƙa'idar da matuƙa ke amfani da ita ita ce mil 3 ga kowace ƙafa 1,000, wato mil 39, in ƙara kamar 10 na rage gudu. Mil 50 kafin SUGOL ya kamata in fara gangarowa. Mai kula kuwa nisana da filin yake aunawa, ƙofar ba ta cikin lissafinsa, sai ya bar ni a sama har na kusa cim mata. Maganin wannan bai yi wuya ba: a mil 55 nake neman ragin tsayi da kaina, kashi-kashi, yana kuma bayarwa.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Bayan SUGOL layin da ke allon jirgi yana zuwa tashar rediyo ta SPL da ke cikin filin, daga nan sai giɓi, kwamfuta ta rubuta cewa hanya ta yanke. Tun ranar farko nake goge wannan giɓi ina haɗa layin da zangon farko na sauka, don ina ganinsa kamar kuskure ne a bayanan. Sakamakon shi ne jirgi ya bi ta kan filin, ya yi wata muguwar kwana, ya dawo titin yana sama da yadda ya kamata.

Daren jiya na zauna da taswirar na karanta ƙananan rubutun da ke gefenta. Ashe da gangan aka bar giɓin. Da rana hanyar isowa tana kawo ka ƙofa ne kawai, daga nan mai kula ke karɓarka ya riƙa ba ka alƙibla, ya jera ka a bayan wani, ya sa wani a bayanka, har ya ɗora ka a kan layin titi. A cikin gaɓoɓi 23 ɗin nan akwai waɗanda harafinsu na biyu M ne, irin su VM da FM, ma'anarsu ci gaba da tafiya har mutum ya ce ka daina. Waɗanda suka zana hanyar sun bar wa mai kula gurbinsa a cikinta, ni kuma wata guda ina cike gurbin da layi.

Wannan ya sauya yadda nake kallon aikin gaba ɗaya. Ba da alƙibla zuwa titi shi ne abin da mai kula na manhaja ya fi iyawa. Sai na gyara fayil ɗinsa ya ƙare a SUGOL sannan filin, ba komai a tsakani, na kuma bar giɓin kwamfutar jirgi yadda yake.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Tafiya cikakkiya, da yanayin gaske. Sanarwar Heathrow ta ce 27L, na zaɓi hanyar Brookmans Park mai harafin G, na ɗora fayil ɗin da na riga na dasa wa zangonan kwana, na nemi izini. Na wuce Chiltern a ƙafa 6,000. Ya ce in hanzarta hawa sau ɗaya. Matsin iska yana sama da 1013 kaɗan, don haka maganar ma'auni ba ta taso ba, na san kuma ba warwarewa ta yi ba.

Na nemi gangarowa a mil 55, na iso SUGOL a FL100. Ban kai mil biyu da wuce shi ba sai ya kira ni ya ba ni alƙibla ta arewa maso gabas, ya ce in sa ran 18R. Na jawo maɓallin alƙibla, layin allon ya koma ɗigo-ɗigo, na bi maganarsa. Ya sauke ni ƙafa 3,000, sannan 2,000, ya karya ni dama sau biyu, ya ajiye ni a kan layin titi da kwana mai laushi, ina ƙasa da gangaren sauka kamar yadda ake so. Gangaren digiri 3 ne, a gudun not 140 kuwa kimanin ƙafa 700 a minti, allon ma haka ya nuna. Tun daga Landan har tayoyi suka taɓa ƙasa bai soke mini izini ba, ban kuma goge komai ba.

Titi 18R shi ne Polderbaan, wanda aka buɗe a 2003, mai tsawon mita 3,800, can nesa da ginin filin. Na yi minti goma sha biyar ina gangarawa zuwa wurin ajiya, a nan na rubuta abin da ya rage: maganar ma'aunin tsayi, da zangonan kwana na titunan 09, waɗanda ban dasa ba tukuna. Asabar mai zuwa zan juya tafiyar, Schiphol zuwa Heathrow. Masu zuwa daga gabas ta Lambourne suke shiga, kuma a can ake kewayen jira. Zan ga ko akwai yadda za a yi ya tsayar da ni in kewaya, ko kuwa sai na nemi hakan da kaina.